Ranar da Ɗana Ya Kira Ni a Lasifika

Akwai wata Lahadi da ko na so in manta da ita ba za ta yarda ba. Shekaru sun haura goma, gemuna ya yi fari, abubuwa da yawa sun zube daga kaina, har da sunayen wasu da muka yi aiki tare shekara da shekaru. Amma wannan Lahadin tana nan daram, da warin fetur ɗinta da taɓonta, kuma na san da ita za a kai ni kushewa. Ita ce ranar da ɗana ya ci tseren babur, ya kira ni a lasifika a gaban jama'a, ni kuwa na ƙi ɗaga kai.

Ni bakanike ne. Karatuna bai wuce firamare ba, sai allon da na yi a ƙauyenmu, can bayan Malumfashi. Ina ɗan shekara sha huɗu aka kai ni Kaduna koyon gyaran babur, a nan hannuna ya faɗa. Da Allah ya buɗe mini hanyar Amurka, sai na sami aiki a wani garejin motoci a Beltsville, muka kama haya a Landover, ni da maiɗakina da ɗanmu na fari, wanda a lokacin ko tafiya bai fara ba. Daga baya aka haifa mana mata biyu.

Kun san yadda muke da ɗan fari. Nawa kuma abin ya zo ninki biyu, domin sunan mahaifina aka sa masa. Ban taɓa kiran sunansa ba. "Kai" ne, ko "yaron nan". Ƙannensa mata ina ɗaga su sama, ina yi musu kirari, in sun kawo takardar jarrabawa in manna ta a jikin firij. Shi kuwa in ya kawo tasa sai in ce, "Kai wa uwarka." Ban ga laifin hakan ba ko kaɗan. Nawa uban har ya koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, kuma ko sau ɗaya ban yi shakkar yana sona ba. Na ɗauka abin a jini yake, yaro da kansa yake ganewa.

Yadda muka san filin tseren kuwa, wani Bature ne ya kawo babur ɗinsa garejinmu a bayan akori-kura, irin dogon nan mai tayoyi masu haƙora, ba fitila ba lamba. Abokan aikina mota suka sani, suka ce ba za su taɓa shi ba. Ni ina jin yadda yake tari na ce kafireto ne. Kafin mutumin ya gama shan kofinsa babur ya tashi. Ya yi murna har ya zana mini hanya a bayan takarda, ya ce in zo ranar Lahadi in ga abin da ake yi da irin wannan babur. Na ɗauki yaron nan, yana ɗan shekara takwas, muka nufi kudancin Maryland, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci, har gidaje suka ƙare aka shiga gonakin masara.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Babura wajen talatin a jere, kowa da hular kwano, ga wani dogon ƙarfe ya tare su. Ƙarfen na faɗuwa sai ƙasa ta girgiza, dukkansu su yi kan kwana ɗaya da ba ta ɗaukar mutum biyar. Daga nan sai tuddai. Babur ya hau, ya bar ƙasa, ya yi sama da mutum kamar tsayin soro, ya dira a bayan tudu na gaba. Akwai wani wuri mai ƙananan tuddai a jere, kamar gonar da aka yi wa huɗar doya, a nan ake gane gwani da ɗan koyo. Ni da na yi shekaru ina kallon 'yan acaɓa suna ratsa kasuwa, na ɗauka na ga ƙarshen tuƙi, ashe ko farkonsa ban gani ba. Na waiga in duba yaron, sai na tarar ya riƙe wayar shinge da hannu biyu, baki buɗe, turɓaya har a gashin idonsa.

Daga ranar Lahadi ta zama tamu. Maiɗakina ta soya mana ƙosai, ta zuba shayi a filas, mu ɗauki darduma mu tafi. Har yau in na rufe ido ina ganin wasu daga cikin mahayan. Akwai wani siririn saurayi mai jan babur da ba ya zama, a tsaye yake tuƙi tun daga farko har ƙarshe, kamar ya raina kujerar. Akwai wata yarinya da gashinta ke leƙowa ta ƙarƙashin hula. A miƙe maza suna barinta, amma in an zo kwana sai ta kwantar da babur har gwiwarta ta kusa shafar ƙasa, ta fito a gabansu. Ranar da ta fara ci na tafa har tafina ya yi zafi. Akwai kuma wani dattijo da ya haura sittin, an ce likitan haƙori ne. Kullum shi ne na ƙarshe a rukunin tsofaffi, kullum kuma shi ya fi kowa dariya in ya cire hula.

A hanyar dawowa ni da yaron nan ba mu da hira sai tasu. Shi ya yi da Turanci, ni in mayar da Hausa, kowa na jin kowa. "Baba, ka ga yadda ta shige shi ta ciki?" In ce, "Na gani. Birkin baya ta taɓa, shi kuma wawan ya danne na gaba." Ya yi ta dariya yana maimaita "wawan". Waɗannan su ne ranakun da suka fi daɗi a duk zamana na ƙasar nan, kuma ban san haka ba sai da suka wuce.

Yana ɗan shekara goma na sami wani ƙaramin babur da ya mutu, mai shi na neman inda zai yar. Na kwaso shi, maigidan garejinmu ya ba ni wani lungu, duk Asabar da yamma ina can. Na sauke injin gaba ɗaya, na wanke, na sake fistin, na ɗaure. Ranar da yaron ya fara hawa a filin na gane Allah ya ba shi wani abu. Ba ya tsoron tudu, kuma yana jin inji a jikinsa yadda nake ji a kunnena. Yana girma muna sake babur, kowanne kuma gawa nake samowa in tayar. Masu kuɗi suna zuwa da sababbi fil a cikin manyan tireloli, namu kuwa robarsa kala uku ce, amma ba a taɓa jin ya mutu a tsakiyar tsere ba. Duk abin da bakina ya ƙi faɗa, a cikin injin nan nake zuba shi. Na ɗauka yana gani.

Su Turawan nan ba su san kunyar 'ya'ya ba. Uba ƙato da gemu zai bi shinge a guje yana kiran sunan ɗansa har muryarsa ta dushe. In yaron ya gama, ko na goma ya zo, sai a rungume shi a gaban kowa. Akwai wani ƙaramin allo da kowane uba ke ɗagawa in ɗansa ya zo wucewa. Wasu su rubuta sunansa, wasu su rubuta "kai ne gwani", har da masu zana zuciya. Ni lamba kawai nake rubutawa, na nawa yake a layi, shi ke nan. In ya gama sai in karɓi babur in fara duba sarƙa.

Wata rana, yana wajen shekara sha uku, muna tsugune a gefen mota ina canza masa fulogi, sai ya ce, "Baba, kowa yana yi wa ɗansa ihu. Kai me ya sa ba ka yi mini?" Na ce, "Ihu ne zai ƙara wa inji gudu? Miƙo mini sifana goma." Ya miƙo. Bai sake tambaya ba, ni kuma na ɗauka amsar ta ishe shi.

Abin da ya ƙara ɓata lamarin shi ne, ni ba shiru nake yi wa kowa ba. Akwai wani yaro sa'ansa, ɗan wani ƙaton mai gyaran famfo, su biyun ne ke karawa kullum, yau wannan ya ci, gobe wancan. Duk ranar da muka haɗu da uban sai in tattaro ɗan Turancina in ce masa, "Ɗanka gwani ne, ba kamarsa a filin nan." Haka aka koya mini, ɗan wani ake yabo, naka kuwa ka bari wasu su yaba. Shi ma mutumin yakan ce nawa ya iya, sai in girgiza kai in ce, "Yana dai koyo." Yaron nan yana tsaye a wurin, hula a hannu, yana ji.

Shekarar da ya cika sha bakwai surukina, mahaifin maiɗakina, ya zo daga gida a yi masa aikin yanar ido a wani asibiti a Largo. Dattijo ne mai kwarjini, a gabansa ko dariya ba na yi da ƙarfi. Amma da jikansa wasa suke kamar sa'o'i. Da idon ya warke, sai ya fara tsokanarsa. "Kai, mai ƙwace mini mata, an ce kana tashi sama da babur. Ƙarya ne, ko keke ba ka iya ba." Yaron ya harhaɗo 'yar Hausarsa ya ce, "Kaka, zo ka gani. In ka ji tsoro, rufe ido." Tsohon ya ce, "Idon da aka buɗe mini jiya-jiya? Ko aljani ka zama sai na kalle ka."

A raina ban so ya zo ba, amma wa zai ce wa surukinsa kada ya shiga mota? Kuma tseren wannan Lahadin ba irin na kullum ba ne. Waɗanda suka zo a gaba za su wuce wani babban tsere da ake haɗa gwanayen jihohi da yawa. Shekara biyu yaron nan yana nema yana faɗuwa da kaɗan. Duk makon bai iya cin abincin kirki ba.

An kwana ana ruwa, filin ya zama taɓo. Na ajiye wa tsohon kujera a bakin shinge, na tsaya a gefensa da allona. Ƙarfe ya faɗi. A kwanar farko babura huɗu suka zube, yaron nan ya kauce musu da kyar, ya fito na bakwai. Ɗan mai famfo yana can gaba shi kaɗai. Na rubuta bakwai na ɗaga. Zagaye na gaba na rubuta biyar. Taɓo ya rufe kowa, ba ka gane mutum sai ta yadda yake zama a kan babur, shi kuwa ko a cikin dubu zan gane zamansa. A wurin ƙananan tuddan nan kowa yana rage wuta saboda santsi, shi sai ya ja jikinsa baya, ya murɗa totur, ya bi ta samansu kamar ba ya taɓa ƙasa. A nan ya wuce biyu lokaci ɗaya.

Surukina ya manta da girma. Ya miƙe, yana kaɗa sanda a sama yana cewa, "Jikana ne! Wallahi jikana ne! Ci gaba, ɗan banza, ci gaba!" Turawan da ke kusa suna ta dariya suna taya shi, ko kalma ɗaya ba su ji. Ni kuwa har allin da nake rubutu da shi ya faɗi ban sani ba, amma fuskata na ɗaure ta tam.

Kafin zagayen ƙarshe ya wuce wani, ya kamo ɗan mai famfo, saura su biyu a gaba. Kwanar ƙarshe tana da hanya biyu, ta waje mai faɗi da kowa ke bi, da ta ciki mai zurfin rami da ruwa ya cika, wadda tun safe ba wanda ya kuskura ya shiga. Ɗan mai famfo ya bi ta waje. Yaron nan ya faɗa ta ciki, ruwa ya tashi ya rufe shi, na ce shi ke nan inji ya sha ruwa. Sai ga shi ya ɓullo, tayar gaba a sama, ya riga wancan isa tuta da abin da bai fi tsawon babur ba. A duk shekarun da na yi ina kallon tsere ban ga tuƙi irin wannan ba, har da na siririn nan mai jan babur.

A filin akwai ɗan dandamali na katako inda wanda ya ci yake hawa, mai lasifika ya yi masa tambaya biyu ko uku. Yawanci yaran kamfanonin da ke ba su kaya suke gode wa. Da aka tambayi yaron nan wa zai gode wa, sai na ji muryarsa ta cika filin, tana rawa. Ya ce da Turanci, "Ni ba ni da kamfani. Babana ne ya haɗa injin nan da hannunsa, shi ya haɗa duk wanda na taɓa hawa. Ga shi can, mai farar hula." Sannan ya juya harshe, a gaban Turawan nan duka, ya ce da Hausa, "Baba, zo."

Jama'a suka juyo suna tafi. Ni kuwa abin da na ji shi ne surukina yana tsaye a kafaɗata. In taka a gabansa, in hau katako, in tsaya kusa da ɗan farin da 'yarsa ta haifa mini, ana tafa mana? Na ji kamar an ce in tuɓe riga a kasuwa. Sai na durƙusa kan akwatin kayan aikina, na shiga jera sifanun da tun safe a jere suke. Tsohon ya taɓa ni da sanda ya ce, "Malam, kai fa ake kira." Na ce, "Baba, ƙyale shi, yarinta ce." Na sake jin lasifika, "Baba." Mai famfon nan, wanda ɗansa ne aka kayar, ya zo ya dafa ni yana nuna mini dandamalin. Na girgiza kai. Mai lasifika ya yi wani barkwanci, wai baban ya fi son aiki a kan ɗaukar hoto, mutane suka yi dariya, aka wuce wurin. Ban ɗago ba sai da na ji an kira rukuni na gaba.

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da ya gyaru. Muka ɗora babur, muka kama hanya, tsohon a gaba, yaron a baya da kofin tseren da ya ci a kan cinya, taɓo ya bushe a wuyansa. Surukina bai gaji ba. Ya ce, "Malam, yau na ga abin mamaki. Yaron nan namiji ne." Ni kuma bakina ya ɗauko amsar da ya saba, har ya ƙara mata gishiri saboda wanda nake magana da shi. Na ce, "Wane namiji, Baba? Sa'a ce kawai. Wancan ɗan Baturen ya fi shi iya tuƙi nesa ba kusa ba, tayarsa ce ta zame. Wannan ba abin da ya iya sai cinye taya da ɓata mini Lahadi."

Ƙarya ce, kowace kalma. Ba tayar da ta zame. A wajena ladabi na yi, kuma na san tsohon ya san ladabi ne. Na manta da kunne na uku. Daga baya sai na ji an ce, a hankali, da Hausa, "Na ji, Baba." Na duba madubi, ya juya fuska yana kallon gonakin masara. Da muka isa Landover muka sauka, ya bar kofin a kan kujera.

Washegari bayan la'asar surukina ya ce in raka shi ya miƙe ƙafa. Muna zagaya wurin ajiye motoci sai ya tsaya ya ce, "Malam, don ni ka yi abin jiya?" Bai jira amsata ba. Ya ce, "In don ni ne, ban gode ba. Bari in tambaye ka. Lokacin da ubanka ba ya kiran sunanka, wa yake gaya maka yana sonka?" Na ce ba kowa, ni na sani. Ya ce, "A'a, tuna dai." Sai na tuna. Gwaggona ce take jawo ni ta ce, jiya babanka bai yi barci ba da kake zazzaɓi. Ƙanin babana ne yake kai ni kasuwa yana nuna ni, yana cewa ga ɗanmu mai hannun gyara. Kakata ce take ba ni tsire ta ce, ubanka ya sayo, ya ce kada a gaya maka. Tsohon ya ce, "To ka gani. A gida in uba ya yi shiru, gari ne yake magana a madadinsa. Kai ka ɗauko shirun ka kawo nan, ka baro garin a can. Wa zai fassara wa yaron nan? Uwarsa ma kunyarsa take ji. Ni kuma jibi zan tafi. Je ka same shi."

Na ce to. Wallahi da niyya na ce to. Amma na ce bari ya huce tukuna. Ranar Talata na ce sai an raka tsohon filin jirgi. Ranar Alhamis maiɗakina ta same ni a kicin ta ce, "Malam, ya ce fa ba zai je babban tseren ba. Ya ce ya daina hawa." A nan ne ya kamata in taka matakai goma zuwa ƙofar ɗakinsa. Sai girman kai ya shigo inda kunya ta tsaya. Na ji haushi, wai ni yaro zai yi wa yaji. Na ɗaga murya yadda zai ji na ce, "Gara haka. Ya kama karatu." Na farko zan iya cewa al'ada ce ta sa ni. Wannan na biyun ba wanda ya sa ni, nawa ne ni kaɗai.

Bayan mako biyu na shiga lungun nan na gareji na tarar ba babur. Yaron nan da kansa ya sami mai so, aka zo aka ɗauka. Da ya gama sakandare makarantu biyu na kusa suka ba shi gurbi, ya zaɓi wata a Ohio. Daga can aiki ya kai shi Texas, ya yi aure. Bai taɓa yi mini rashin kunya ba, kada ku ɗauka haka. Duk mako yana kiran uwarsa, su yi awa guda suna hira da dariya, sannan ta miƙo mini waya. "Ina wuni, Baba." "Lafiya lau." "Ya aiki?" "Da godiya." "To, a gaida kowa." Da ya zage ni ma da na fi samun sauƙi, domin da na sami inda zan kama in ba da haƙuri. Wannan ladabin nasa ba shi da ƙofa.

Bara aka haifa masa ɗa, muka je suna. Na ga yadda ya ɗauki jaririn a gaban baƙi, yana sumbatar goshinsa, yana zagayawa da shi yana nuna wa kowa. Wasu dattawan mutanenmu suka kalli juna, ɗaya ya ce mini a kunne, "'Ya'yan Amurka ke nan, ɗan fari guda ba ko kara."

Da yamma baƙi suka watse, na same shi a bayan gida yana naɗe kujeru shi kaɗai. Na kama ina taya shi. Sai da muka naɗe wajen goma sannan na iya buɗe baki. Na ce, "Ranar nan da ka ci tsere, da kakanka ya zo. Abin da na faɗa a mota ƙarya ne. Ba tayar da ta zame. Ban taɓa ganin tuƙi irin wanda ka yi ba, kuma da ka kira ni, ƙafata ce ta ƙi, ba zuciyata ba. Ka yafe mini."

Bai daina naɗe kujerar da ke hannunsa ba. Ya jingina ta da sauran, sannan ya ce, rabi Hausa rabi Turanci, "Na yafe, Baba, tuntuni. Mama ta yi mini bayanin al'adar bayan na girma, na gane. Ba na jin haushinka." Na ji wani sanyi ya fara sauka a ƙirjina. Sai ya ƙara da cewa, "Amma wanda yake son jin wannan maganar yaro ne ɗan shekara sha bakwai. Ya jira ta har ya gaji, ya tafi. Ni ban san inda zan ajiye ta ba yanzu." Ya ɗauki kujeru huɗu a hannu biyu, ya ce, "Ka ci abinci kuwa? Bari in sa a zubo maka." Ya shige ciki.

Haka muke har yau. Ya yafe, na yarda ya yafe, amma yafiya ba ta dawo mini da abokin hirar nan na hanyar kudancin Maryland ba, kuma na daina sa ran za ta dawo da shi.

Abin da wannan rana ta koya mini, a makare, shi ne kunyar da iyayenmu suka yi mana ba su kaɗai suka ɗauke ta ba, dangi da maƙwabta suna riƙe da ɗaya gefen. Wanda ya yi nisa da su, ya ce zai riƙe ta shi kaɗai, a kan ɗansa za ta faɗi. Don haka nake gaya wa duk wani ɗan'uwa da ke renon 'ya'ya a ƙasar da ba gwaggo ba kawu: in kana son ɗanka, faɗa masa da bakinka, ko da muryarka za ta yi rawa, ko da surukinka na tsaye. Kuma ka faɗa tun yana tambaya, domin akwai ranar da zai daina.